Ilimin Zamantakewa ko Hidimar Al'umma: Wanne Ɗan Hausawan Sudan Zai Sa a Gaba?

Idan sakamakon shahadar Sudan, wato jarrabawar gama sakandare, ya fito, gidan da ɗansu ya bi ɓangaren kimiyya ba ya daɗewa yana shawara: likitanci idan maki ya kai, injiniya ko haɗa magunguna idan ya gaza kaɗan. Gidajen da ake raba dare ana kai-komo su ne na 'yan adabi. Shari'a tana da kwarjini, kulliyar tarbiyya tana da tabbacin aikin koyarwa, tattalin arziki ma kowa ya san inda ya dosa. Can ƙasa a jerin zaɓi akwai wasu fannoni biyu da ke maƙwabtaka, har iyaye da yawa, da yaran kansu, suna ɗaukarsu abu guda: ilimin zamantakewa, wanda za ku gani a littafin jagoran shiga jami'a da sunan ilmul ijtima'i, da kuma hidimar al'umma, wato hidima ijtima'iyya. Ba abu guda ba ne ko kaɗan. Wanda ya shiga ɗaya yana zaton ɗayan ne, shekara huɗu zai yi cikin takaici. Domin ƙannenmu na Gadarif da Kasala da Sinnar da Madani da Damazin da Mai Wurno nake wannan rubutu, musamman waɗanda su ne na farko a gidansu da za su taka jami'a, ba su da yaya ko kawu da zai zaunar da su ya warware musu.

Ku ɗauki yarinya 'yar shekara goma sha biyu a wani kambo a Jazira, irin matsugunan leburorin gona da suka tsiro a gefen gandun auduga tun bayan kammala madatsar Sinnar a 1925. Ta daina zuwa makaranta. Wadda ta karanta hidimar al'umma za ta je gidan, ta yi sallama, ta zauna da uwar a kan tabarma, ta bi a hankali har ta gano ko kuɗi ne, ko nisa, ko an yi wa yarinyar miji, ko wani ne ke tare ta a hanya. Za ta buɗe mata fayil, ta ga shugaban makaranta, ta rubuta wa ofishin zakka, bayan sati biyu ta dawo ta duba ko ta koma aji. Wanda ya karanta ilimin zamantakewa tambayarsa daban ce. 'Yan mata nawa ne a kambon nan suka bar karatu? A wane aji suke fita? Me ya sa kambo ba shi da makarantar kansa alhali ƙauyen masu hawasha, wato gonakin da aka yanka wa manoma a gandun, da ke kusa yana da ita? Wa ke riƙe da takardar filin da aka kafa bukkokin? Zai ƙirga gidaje, ya tsara tambayoyi, ya gwama wannan kambo da wasu huɗu ko biyar, ya rubuta rahoto. Ita tana kwashe ruwan da ya shigo ɗaki ne, shi kuma ya hau rufi yana neman inda ke yoyo. Gida yana buƙatar duka biyun, sai dai da wuya hali ɗaya ya dace da aikin biyu.

Abin da za ka tarar a aji idan ka zaɓi ilimin zamantakewa, mafi yawansa karatu ne da tunani. A jami'o'inmu da Ibn Khaldun ake buɗe fage, mutumin Tunis da aka haifa a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406, wanda a Muƙaddimarsa ya yi bayanin yadda asabiyya, wato ƙarfin haɗin kan dangi, ke ɗora mutanen daji a kan mulki, sannan jin daɗin birni ya narkar da ita cikin 'yan tsararraki. Daga nan sai Turawa: Comte Bafaranshe da ya raɗa wa fannin suna, Marx da rikicin masu dukiya da masu ƙwadago, Weber da alaƙar addini da neman kuɗi da tsarin ofis, sai Durkheim wanda a 1897 ya nuna da alƙaluma cewa ko kashe kai, abin da kowa ke gani lamarin mutum ɗaya ne, yawansa yana hawa da sauka gwargwadon ƙarfin igiyar da ta ɗaure mutum da jama'arsa. Bayan nazariyya akwai zamantakewar karkara, da ta birni, da ilimin yawan jama'a, da nazarin iyali, da na laifuka. Sannan ga abin da yake kayar da mutane da yawa: hanyoyin bincike da ƙididdiga. Ɗan adabi da ya gudo daga lissafi ya sani cewa lissafi na jiransa a nan, a shekara ta biyu ko ta uku. Ba lissafi ne mai tsanani ba, amma babu hanyar kauce masa, kuma duk wanda ya lallaɓa ya wuce shi da makin tsira, ya fita ne ba tare da abin da ake biyan kuɗi dominsa ba.

Sudan ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Sashen nazarin al'ummomi da zamantakewa na Jami'ar Kartum, wanda ke cikin kulliyar nazarin tattalin arziki da zamantakewa, an kafa shi a 1958, kuma yana cikin tsofaffi a nahiyar Afirka. Ian Cunnison, wanda ya zauna da makiyayan Baggara, shi ne farfesansa na farko. Talal Asad ya koyar a can a shekarun 1960 ya yi bincike a kan makiyayan Kababish. Fredrik Barth na Norwe ya zo ya yi aiki a kan tattalin arzikin Fur a Jabal Marra. Daga baya 'yan ƙasa suka karɓi ragama, irin su Abdul Gaffar Muhammad Ahmad da ya yi nazarin makiyayan Rufa'a al-Hoi a kudancin Funj, yankin da mu ma muke da dangi birjik. Al'adar wannan sashe ita ce a fita daji a zauna da mutane, ba a tsaya a ofis ba. Sai dai ka lura da abu biyu: kulliyar ake shiga da farko, ba sashen ba, daga baya ne ake rarraba ɗalibai, kuma makin shigarta ba na wasa ba ne. Digirin gama-gari shekara huɗu ne, na girmamawa biyar. Jami'ar Nilain ma tana da fannin, kuma ta daɗe tana zama mafakar 'ya'yan talakawa da ma'aikatan da ke haɗa aiki da karatu tun tana reshen Jami'ar Alƙahira.

Hidimar al'umma sana'a ce tukuna kafin ta zama ilimi. Tushenta na zamani yana Ingila da Amurka, a gidajen taimakon baƙi da talakawa irin wanda Jane Addams ta buɗe a Chicago a 1889, kuma ta hanyar Masar ta fi shigowa ƙasashen Larabawa, shi ya sa littattafan da za ku riƙe yawanci na malaman Masar ne. Ginshiƙanta uku: aiki da mutum ɗaya, aiki da rukuni, da tsara al'umma. Za ka ɗan taɓa nazariyyar zamantakewa, ka sha ilimin halayyar ɗan Adam fiye da na ɗaya ɓangaren, ka koyi dokoki irin su dokar yara ta 2010, ka koyi yadda ake hira da wanda ba ya son magana da yadda ake rubuta rahoton hali da alƙali ko likita zai dogara da shi. Zuciyar karatun kuwa horon fili ne: asibiti, makaranta, gidan yari, gidan marayu, ƙarƙashin idon wanda ya daɗe a aikin. A wasu jami'o'in sashe ɗaya ne ke riƙe da fannonin biyu, ana tafiya tare sannan a rabu. A wasu kuma za ka sami 'yar'uwarta da sunan tanmiyatul mujtama, wato raya al'umma, kamar kulliyar da ke Jami'ar Gadarif. Jami'ar Ahfad ta mata da ke Umdurman, wadda asalinta makarantar 'yan mata ce da Babikir Badri ya buɗe a Rufa'a a 1907, ta yi suna wajen horar da mata aikin raya karkara da ilimin halayya.

Tambayar da Baba zai yi ita ce, "To, in ka gama, wane aiki za ka yi?" Tambaya ce ta gaskiya, kada ka ji haushinta. A nan hidimar al'umma ta fi sauƙin amsa. Akwai kujera mai sunanta a asibiti, a makaranta, a gidan yari, a kotun yara, a Diwanin Zakka, a ma'aikatar jin daɗin jama'a ta jiha, da kuma rukunin kare iyali da yara na 'yan sanda wanda aka fara a Kartum a 2007 ya bazu zuwa jihohi. Sau da yawa ana ɗaukar ɗan ilimin zamantakewa ma a waɗannan wurare da sunan bahis ijtima'i, wato mai binciken zamantakewa, amma zai shiga ne ba tare da horon fili ba, ya koyi aikin a kan mutane masu rai, abin da bai kamata ba. Kujerar da ta dace da shi tana hukumar ƙididdiga, ko ofishin tsare-tsare, ko cibiyar bincike, ko jami'a, kuma waɗannan ba su da yawa. Albashin gwamnati kuwa, a ɓangarorin biyu, hauhawar farashi ta cinye shi tun kafin yaƙin 2023. Kada kowa ya yaudare ku a kan wannan.

Inda kuɗi ke ɗan motsi shi ne ƙungiyoyin agaji. Mutanen Gadarif sun ga haka tun ƙarshen 2020, lokacin da yaƙin Tigrai ya turo dubban Habashawa aka buɗe sansanonin Um Rakuba da Tunaidba. Mutanen Kasala sun fi daɗewa da saninsa saboda Shagarab da Wad Sharifai. Daga 15 ga Afrilu 2023 kuma, da yaƙi ya ɓarke ya raba mutum fiye da miliyan goma da gidajensu, makarantu suka koma matsugunai, kowane gari na gabas ya cika da masu neman wanda zai yi rajistar iyalai, ya nemo wa yaro iyayensa, ya zauna da matar da aka ci wa zarafi. Wannan aiki ne na hidimar al'umma kai tsaye, kuma ƙungiyoyi suna neman mata a kansa ido rufe, domin abin da mace za ta faɗa wa mace ba za ta faɗa wa namiji ba. Ɗan ilimin zamantakewa ƙofarsa ita ce tattara bayanai da sa ido da auna sakamako: ya tsara tambayoyi a KoboToolbox, ya fita da matasa su cike a waya, ya zauna a kwamfuta da Excel ko SPSS ya fitar da ma'ana. Wanda ya iya wannan da gaske yakan hau sama da sauri fiye da ma'aikacin fili, albashinsa ma yakan fi. Wanda bai iya ba, digirinsa ba zai raba shi da ɗan tarihi ko ɗan labarin ƙasa a layin neman aiki ba. Kuma ku tuna kwantiragin ƙungiya na wata uku ne ko shida. A farkon 2025, da Amurka ta dakatar da tallafinta, tukwanen takaya, wato wuraren dafa abincin sadaka na unguwanni, da yawa sun sauka daga murhu, ma'aikata da dama sun koma gida. Ba a gina rayuwa a kan ƙungiya kaɗai.

Akwai wani nauyi da littafin jagora ba ya ambata. Mai hidimar al'umma a ƙasar da ta sha yaƙi zai ji abin da kunne ba ya so. Zai ji shi da safe, ya sake jin irinsa da azahar, ya koma gida ya ci tuwo da shi a ƙirji, kuma ba shi da damar faɗa wa ko matarsa. A unguwanninmu abin ya fi wuya, domin kowa ɗan'uwan kowa ne. Matar da ta buɗe miki cikinta yau, gobe za ki haɗu da surukarta a gidan suna, ta ja ki gefe ta ce, "'Yata, me ya kai ki gidan su wance?" Idan ba ki da bakin da zai iya cewa, "Inna, gaisuwa ce kawai," ki kuma tsaya a kan haka, wannan sana'a ba taki ba ce. Asiri ɗaya ya fita, ƙofofin unguwa gaba ɗaya sun rufe. Wanda kuma zuciyarsa ba ta iya ajiye damuwar wani a bakin ƙofa, zai ƙone cikin shekara biyu ko uku. Ban faɗi haka don in tsorata kowa ba. Masu wannan hali na haƙuri da riƙon amana suna da yawa a cikinmu, a kowane gida akwai wadda ake kai wa ƙara tun tana ƙarama, kuma idan ke ce, kin san kanki.

Ɗan ilimin zamantakewa nasa nauyin daban ne. Mutumin da ke yawo da takarda yana tambayar gida nawa, mutum nawa, filin wa, a lokacin da kowa ke zargin kowa, yana iya kwana a hannun jami'an tsaro, ko jama'ar da yake son taimaka wa su ɗauke shi ɗan leƙen asiri. Dole ya koyi neman izini a rubuce, ya fara da gaida shehun unguwa da liman kafin ya buɗe littafi. Sannan zai yi ta fama da rashin ganin amfanin aikinsa nan take. Rahoton da ya ci masa wata shida yana iya kwanciya a durowa. Mai hidima aƙalla yana ganin yarinyar ta koma aji.

Duk da haka, ga inda zuciyata ta karkata, kuma a nan zan daɗe. Mu Hausawan Sudan mutane ne da aka yi ta magana a kanmu ba da bakinmu ba. Kakanninmu sun biyo hanyar hajji ƙarni bayan ƙarni. Wasu sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan an kashe mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, suka kafa gari a bakin Nilul Azrak kusa da Sinnar. Hannunmu ya tsinci audugar Jazira, ya yanke riɗi da dawar Gadarif, ya kama kifin kogi, ya raya lambuna. Amma dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa kakanninsa na wajen uba suna zaune a ƙasar tun ƙarshen 1897, shekarun da suka riga zuwan da yawa daga cikinmu. An sassauta wannan sharaɗi daga baya, amma tabon ya zauna, kuma duk wanda ya taɓa raka dattijo neman jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa, ko lambar ƙasa ya san irin ƙarin tambayoyin da ake yi wa mai suna irin namu. A Yulin 2022, da rikici ya tashi a jihar Nilul Azrak a kan ƙasa da sarautar gargajiya, ya sake tashi a Oktoba a Wad al-Mahi, ɗaruruwa suka mutu, dubbai suka gudu, mutanenmu suka fita zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Kartum da Bur Sudan. A waɗannan kwanaki, kowa yana faɗin adadinmu yadda ya ga dama, wani ya kumbura, wani ya ƙanƙance. Ƙidayar ƙasa ta ƙarshe tun 2008 aka yi ta. Da ana da 'ya'yanmu goma da suka ƙware, masu iya ajiye takarda a teburin sulhu su ce ga tarihin wannan fili, ga shekarar da aka fara nomansa, ga yadda ɗaga madatsar Rusairis a 2013 ya tashi ƙauyuka ya matse mutane wuri guda, da muryarmu ta fi haka nauyi. Kuka yana jawo tausayi na kwana uku. Hujja ita ce ake sa wa hannu.

Littafin da masu bincike a duniya suka fi sani a kan garin Mai Wurno, Baturen Ingila ne Mark Duffield ya rubuta shi, ya fito a 1981. Wanda aka fi sani a kan ƙauyukan alhazan Afirka ta Yamma a Jazira, Bawa Yamba ne ya yi shi, a 1995. Allah ya saka musu, sun yi aiki. Farfesa Al-Amin Abu Manga na Jami'ar Kartum ya nuna abin da ɗan gida zai iya, da dogon aikinsa a kan Hausa da Fulatanci a Sudan. Amma fagen harshe ne wannan. Fagen ƙasa da aure da ƙaura da kasuwa da makarantar allo da sauyin da yaƙi ya kawo, har yanzu yana jiran wanda zai shiga gida a kira shi ɗan wane, a ba shi labarin da ba a ba baƙo. Kana jin Hausa, kana jin Larabci, ba ka buƙatar tafinta da zai tace maka magana. Wannan jari ne da ɗalibin da ya zo daga wani wuri ba zai saya da kuɗi ba.

Sai dai jarin ba ya aiki shi kaɗai, kuma a nan ne nake sa sharaɗi. Tun juyin ilimi mai zurfi na 1990 aka mayar da koyarwa a jami'o'i zuwa Larabci. Hakan ya buɗe ƙofa ga mutane da yawa, amma ya bar ɗalibin zamantakewa da 'yan takardun malami da yake haddacewa ya zubar a jarrabawa, alhali mafi yawan binciken da aka yi a kan Sudan ɗin kanta da Turanci yake. Wanda zai ɗauki wannan fanni dole ya ɗaura ɗamarar koyon Turanci da kansa, daga shekarar farko, ba sai ya gama ba. Mai hidimar al'umma yana iya aiki mai kyau da Larabci da Hausa har ya yi ritaya, Turanci ƙarin matsayi ne gare shi. Ga ɗan zamantakewa kuwa rabin sana'ar ne. Haka kuma digirin farko a wannan fanni sau da yawa mafari ne kawai. Ba a cika kiran mutum mai bincike ba sai da digiri na biyu. Idan gida yana jiran albashinka bayan shekara huɗu cif, ka yi wa kanka da su adalci.

Maganar fita waje gajeriya ce. Masu tunanin Saudiyya su sani cewa kujerar ma'aikacin jin daɗin jama'a a can ta fi zama ta 'yan ƙasa, kada a zaɓi ɗaya daga cikin biyun nan da burin iƙama, wato izinin zama a can. Masu tunanin ci gaba da karatu a Najeriya, Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya duk suna da sashen ilimin zamantakewa, kuma nan ma da Turanci ake karatu.

Yaƙi ya sake shigo da wani lissafi. Jami'o'in Kartum sun lalace ko sun watse, aka koma karatu ta intanet da cibiyoyin jarrabawa a jihohin da ke da sauƙi da ma wajen ƙasa; Jami'ar Jazira ta shiga irin wannan hali da Madani ta faɗi a Disamban 2023, kafin a ƙwato ta a Janairun 2025. Nazariyya tana jure wa karatun waya, in dai akwai caji da layi. Hidimar al'umma ba ta jurewa. Ba a koyon zama da wanda ya rasa ɗansa ta saƙon murya. Digirin hidima da babu horon fili a cikinsa takarda ce kawai, kuma mai ɗaukar aiki yana ganewa a hirar farko. A ɗaya gefen, filin horo yanzu yana bakin ƙofar kowa: ɗakunan agajin gaggawa na unguwanni, takaya, ƙungiyar agaji ta Hilal Ahmar, matsugunan 'yan gudun hijira. Ɗalibin kowane ɓangare da ya ba da hutunsa a waɗannan wurare, ya kuma karɓi takardar shaida, ya riga abokan ajinsa da nisa. Saboda wannan nake ganin jami'ar jiha da ke buɗe, kusa da gida, wadda malamanta ke shiga aji, ta fi babban suna da ke rataye a waya, musamman ga mai hidima. Ga 'yan mata wannan yana warware wata matsalar ma, domin iyaye da yawa da ba za su yarda da ɗakin kwanan ɗalibai a wani gari mai nisa ba, za su yarda da kulliyar da ake zuwa a dawo.

Don haka idan ƙanwata ko ƙanena ya tambaye ni kai tsaye, amsata ba ta rabu biyu daidai ba. Ga mafi yawanku, hidimar al'umma ko raya al'umma ta fi dacewa: aikinta yana da suna, buƙatarta za ta daɗe bayan an ajiye bindiga, kuma iyaye suna gane ta. Ku ƙara mata iya kwamfuta da rubuta rahoto mai tsabta. Amma idan kai ne yaron nan da ba ya gajiya da tambayar dattawa daga ina muka zo da wa ya ba mu wannan fili, wanda karatun shafi hamsin ba ya sa shi barci, wanda jadawalin lambobi ba ya ba shi tsoro, kuma akwai wani yaya ko kawu da zai riƙe gida na ɗan lokaci, to ka ɗauki ilimin zamantakewa da hannu biyu, ka yi binciken kammalawarka a kan garinku. Kada ka shige shi don kawai makinka bai kai shari'a ba. Waɗanda suka shiga ta wannan ƙofa su ne ke fita suna cewa fannin ba shi da amfani.

Kafin ka cike fom, nemi lambar wani ɗalibi da ke aji uku ko huɗu a sashen da kake so, ba wanda ya gama kafin yaƙi ba. Tambaye shi ko ana shiga aji ko ta waya ake yi, a ina ake zana jarrabawa, kuma nawa tafiyar ke ci. Tambaye shi a wace shekara ake raba zamantakewa da hidima idan sashe ɗaya ne, da maki ake rabawa ko da zaɓi, da kuma abin da za a rubuta a kan shahadar, domin abin da ke rubuce shi ma'aikata ke dubawa. Idan hidima ce, ya faɗa maka inda ya yi horon filinsa na bara da wanda ya duba shi. Idan zamantakewa ce, ya faɗa maka ko malamin ƙididdiga yana nan, kuma ko sun taɓa buɗe bayanai a kwamfuta ko a allo kawai aka zana musu. Sashen da ɗalibinsa ya kasa amsa waɗannan, ka mayar da shi ƙasa a jerin zaɓinka, ka ɗora wanda ya amsa a sama.